Ranar Da Na Tara Wa Taubashina Jama'a

Akwai abubuwa da yawa da tsufa ya goge mini tas, sai an tuna mini nake cewa, "Au, haka aka yi?" Amma ranar da aka buɗe ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar garinmu, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Ranar ce na sha kishi har ya ishe ni, kuma ni da hannuna na dama abina. Yanzu idan ina ba da labarin dariya ake yi, ni ma nakan taya, amma a lokacin wallahi babu abin dariya ko kaɗan.

Garinmu yana tsakanin Kiru da Bebeji. Ina da taubashi, ɗan goggona, wanda muka tashi tare. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ranka ya daɗe" yana yi mini gwalo. A farkon shekarun tamanin aji ɗaya muke a sakandare, benci ɗaya ma. Kuma bari in faɗa tun yanzu, don ba na son gardama: na fi shi lissafi. Shi ma ya sani. Sai dai muna gamawa mahaifina ya kwanta ciwo, ga ni ni ne babba, ga gona babu mai dubawa. Na yi karatun malanta a nan kusa, na dawo gida na kama alli. Shi kuwa ya wuce jami'a, daga can aka ba shi gurbin karatu a ƙasar waje, ya tafi ya bar ni da allo da yara masu majina.

Shekaru suka ja. Wajen ƙarshen shekarun casa'in sai muka fara ji a rediyo wai masana sun gano duniyoyi da suke kewaya waɗansu taurari, kamar yadda tamu take kewaya rana. Ba a daɗe ba labari ya iso cewa taubashina ya zama Dakta, kuma yana cikin wani rukunin masu irin wannan bincike. Goggo ta samu abin faɗa. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ya ji cewa ɗanta yana can yana ƙirga taurari. Ni kuwa idan na je sai ta ce, "Kai har yanzu kana nan da yaran naka? Allah ya yi albarka." Addu'a ce, na sani, amma sai in fito ina jin kamar an mare ni.

A wannan tsakanin ne ƙungiyar ci gaban garinmu ta tashi gina wa makarantar jeka-ka-dawo da nake koyarwa ɗakin gwaje-gwaje. Ni na kawo shawarar, ni na yi ta naci har aka gaji da ni aka yarda. Aikin gayya aka yi. Na ɗauki bulo a kaina a gaban ɗalibaina, na kwaɓa siminti, na yi ta zirga-zirga Kano neman kwalabe da ma'aunai har direbobin tasha suka san ni. Da ginin ya kai linta sai ƙungiya ta ce za a sa wa ɗakin sunan wani ɗan gari da ya yi wa ilimi hidima, a rubuta a saman ƙofa. Ban yi wa kowa maganar ba, amma a raina na gama rubuta sunana a wurin. Kullum da safe idan na iso sai na ɗaga kai na dubi bangon, ina auna ko zai ɗauki sunan har da na mahaifina. Abin da nake so ke nan a duniya, sunan tsohon nan da na zauna dominsa ya hau bangon tare da nawa.

Ranar da aka zauna a kan maganar ina wurin, a can baya, don ni zan ba da bayanin rufi. Wani dattijo ya ambaci sunana, na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Sai sakataren ƙungiya ya miƙe. Matashi ne, yana koyarwa a wata kwaleji a Kano, kuma Allah ya ba shi baki. Ya ce, "Iyayena, a duniyar masana akwai yadda ake auna nauyin aikin mutum, ba da son rai ba. Idan mai bincike ya rubuta takarda aka buga ta a mujallar masana, sai a zuba ido a ga masana nawa ne za su kafa hujja da ita a nasu rubutun. Duk wanda ya ambace ta, an ƙirga ɗaya. Wanda aka fi ambata, shi ne aikinsa ya fi tasiri. Na duba a laburaren jami'a da idona, takardar da Dakta yake ciki a kan duniyoyin nan ana ta ambaton ta a ƙasashe daban-daban. Wa muke da shi a garin nan da ake ambata haka?"

Ni kuwa takarda ɗaya tak na taɓa rubutawa, a kan koyar da kimiyya da kayan gida, na karanta ta a wani taron malamai, kuma rabin zauren gyangyaɗi suke yi. Shugaban ƙungiya, wani Alhaji tsohon ɗan kasuwar hatsi, ya gyara zama ya ce, "To su masu ambaton nasa, mun san su?" Sakatare ya ce, "A'a Alhaji, ai suna nesa." Alhaji ya ce, "To mu nan ba mu iya wannan ƙirgar ba. Mu dai abin da muka sani shi ne mutum da jama'arsa. Tunda an ce zai zo gida ranar buɗewa, a bar maganar sai ranar. Ido zai gani."

Na hau babur ɗina ina tafe ina tafasa. Wai ambato! Mutanen da ba su san hanyar garinmu ba, su ne za su hana ni bangon da na ɗauki bulonsa a ka? Kafin in kai gida sai dabara ta faɗo mini, har na yi dariya ni kaɗai a kan hanya. Idan ƙirgar masu ambato ake yi, ai ni ma ina da nawa, kuma nawa da ƙafafunsu suke yawo. Ɗaliban da na koyar sun cika ƙasar nan tun daga Bebeji har Doguwa. Zan tara su ranar, dattawa su ga jama'ata da idonsu.

Na gaya wa mai ɗakina. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, dabarar ta yi. Amma idan ka je ka faɗa musu gaskiya, ka ce domin ka za su zo." Na ce, "Haba! Ni da girmana in buɗe baki in ce wa ɗalibina ya zo ya yabe ni? Ai su ma suna da hankali, za su gane." Ta ce, "To, Allah ya sa." Yadda ta ja wannan "to" ɗin ya kamata ya tsayar da ni, amma ina!

Lokacin kaka ne, ana ta yankan dawa, ga wahalar mai ta shekarun nan. A wajen 'yan bumburutu nake sayen galan in ɗaura a bayan babur. Na fara da Bebeji, na bi kasuwa da sakatariya. Na zaga Kiru. Na gangara Tudun Wada, inda wata ɗalibata take aikin jinya a asibiti, wasu kuma suke da injin casar shinkafa. Na ratsa dajin Falgore, na isa Doguwa, na nemo wani ɗalibina Bafulatani da ya zama malamin dabbobi, na same shi a ruga yana yi wa shanu allura. Duk inda na je sai a durƙusa, a kawo ruwa, a kawo fura. Kuma duk inda na je, idan na zo daidai wurin da zan faɗi abin da ya kawo ni, sai harshena ya yi nauyi. Abin da yake fitowa shi ne, "Muna da taro ranar Asabar ta sama, za a buɗe ɗakin gwaje-gwaje. Ina so ku zo da yawa, ku gaya wa sauran. Za a yi babban baƙo ma, taubashina ne, daga ƙasar waje." Wannan na ƙarshen ina ƙara shi ne don kada a ce ina tallan kaina. Bafulatanin nan ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Modibbo, baƙonka ne? Shi ke nan, ka bar mana sauran." Na dawo gida ina murna, wai an gane.

Ranar Asabar tun da hantsi ina makaranta ina jera bencuna, don ɗan gida ba ya zama a kujera, shi ne mai kai da kawo. Na sa sabuwar shaddata, na kafa hula. Dattawa suka iso suka zauna a rumfa. Ina ta duban hanya, ban ga ɗalibaina ba sai 'yan tsiraru. Na tambayi ɗaya ina sauran, ya ce, "Ai Malam duk suna Kwanar Dangora, sun je tarbo baƙonka."

Kafin in gama haɗiye wannan maganar sai muka ji ƙaho. Jama'a, ban taɓa ganin babura haka a garinmu ba. 'Yan acaɓa a gaba suna ta wasa da babur, motocin haya cike a baya, har da wata akori-kura da 'yan Tudun Wada suka cika suna ɗaga ganye. A tsakiya ga motar da ta ɗauko taubashina tana tafe a hankali kamar ta ango. Duk fuskar da na duba na san ta. Wannan ni na koya masa riƙe ma'auni, wancan ni na je har gidansu na roƙi ubansa ya bar shi ya gama. Na tara su da man da na saya da tsada, ga su nan sun kewaye bawana suna rige-rigen buɗe masa ƙofa. Na ji Alhaji shugaba yana ce wa na kusa da shi, "Kai! Ashe yaron nan yana da jama'a haka?"

Suna wucewa ta gabana suna ɗan rusunawa, "Malam, sannu da aiki," su yi gaba. Taubashina ya fito, ya rame, ya yi furfura a gefen kai, rigar ma kamar aro ya yi. Ya hango ni ya ɗaga murya, "Ranka ya daɗe! Bawanka ya dawo!" Aka kwashe da dariya. Na rungume shi ina murmushi, na ce, "Bawana, ba sa ba ka abinci ne a can?" Amma wallahi a wannan lokacin da za a tsaga ƙirjina, hayaƙi ne zai fito.

Aka yi addu'a, aka ba shi lasifika ya yi bayanin aikinsa. A nan na ɗan samu sauƙi, don Hausar ta gudu ta bar shi. Yana so ya ce su ba sa ganin duniyoyin da ido, ko da na'urar hangen nesa, saboda hasken tauraron ya rufe su. Abin da suke gani shi ne tauraron yana ɗan rangaji, gaba da baya, don duniyar da take kewaya shi tana jan sa, kuma daga canjin da ake samu a haskensa suke lissafa girmanta. Amma sai ya yi ta cusa Turanci, yana zana da'ira a iska, dattawa suna kallon sa kamar mai kiran aljanu. Na ce a raina, yawwa, a ci gaba a haka.

Sai ma'aikaciyar jinyar nan ta Tudun Wada ta miƙe daga ɓangaren mata ta ce, "Dakta, ko kamar gugan Malam kake nufi?" Nan take fili ya ɗauka, "Gugan Malam! Gugan Malam!" Wani abu ne da nake yi wa kowane aji idan na zo bayanin yadda wata da duniya suke jan juna. Nakan cika guga da ruwa, in ba yaro igiyar ya yi ta juya shi yana kewaya kansa. Gugan yana zagayawa, shi kuma yaron dole ya riƙa karkata yana rangaji don gugan yana jan sa. Kafin ka ce me, an ɗauko guga daga rijiyar makaranta. Bafulatanin Doguwa ya tuɓe hula ya shiga bayan katangar da ba a gama ba, inda kansa da kafaɗunsa kawai ake gani, ya fara juyawa. Taubashina ya yi tsalle kamar yaro ya ce, "Shi ke nan! Iyayena, kuna ganin gugan?" Aka ce a'a. "To me ya gaya muku yana juya wani abu?" Wani tsoho ya ce, "Ga shi nan yana layi!" Ya ce, "Wallahi aikinmu ke nan gaba ɗaya."

Aka yi tafi kamar rumfar za ta faɗi. Ina tsaye a gefe riƙe da butar da na kawo wa liman, na ji Alhaji yana cewa, "Kai, Dakta ya iya bayani!" Gugana, igiyata, ɗalibaina, amma Dakta ya iya bayani. An faɗi "Malam" a fili sau ba adadi, sai dai a makaranta kowa Malam ne, dattawan ba su tambayi wane Malam ba. Taubashina ya juyo yana nuna ni yana wata magana, amma tafi ya cinye ta, lasifikar ma ta ɗauke. Na so in ajiye butar in yi ihu in ce nawa ne. Ban yi ba. Na tsaya ina murmushi kamar wanda aka ɗauka hoto.

Dattawa ba su ko tashi daga rumfar ba. Suka haɗa kai na ɗan lokaci, Alhaji ya miƙe ya ce, "Sakatare ya gaya mana ana ambaton yaron nan a ƙasashen duniya, muka ce sai mun gani. To yau mun gani. Wanda jama'a suka taso tun daga Doguwa domin sa, ba mu da abin cewa." Ya faɗi sunan taubashina. Goggo ta rangaɗa guɗa. Sannan ya ƙara da cewa, "Malam kuma, Allah ya saka masa, shi ne ya jera bencunan nan tun safe."

Ana watsewa Bafulatanin ya zo ya durƙusa a gabana, gumi yana zuba, fuskarsa fal murna. Ya ce, "Modibbo, mun fita kunyarka ko? Da na gaya wa yara baƙonka ne, kowa ya ce ko ba shi da mai sai ya je. Mu ina muka san shi? Don kai muka yi." Na dube shi. Gaskiya ya faɗa, haka aka koya mana duka, wanda kake girmamawa baƙonsa kake ɗauka a ka. Na ce, "Kun kyauta, Allah ya yi muku albarka."

Bayan la'asar taubashina ya same ni a bayan ɗakin ina tattara igiyar guga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yanzu aka gaya mini kai ka zaga ka kira su." Na ce, "To sai me?" Ya zauna a kan bulo da babbar rigarsa. Ya ce, "Ka san yadda ambaton nan yake? Sunana yana tsakiyar jerin sunaye ne. Idan an ambaci takardar, sunan na farko ake rubutawa, a ce da sauransu. Ni ne sauransu. Da yawa daga masu ambaton ko karanta ta ba su yi ba, sun gani ne a wurin wani suka kwafa. Ba wanda zai hau babur ya je Kwanar Dangora domin ni." Na ce, "Amma ai ana ƙirgawa." Ya ce, "Ana ƙirgawa." Sai ya ce, "Bari in je in sami Alhaji, a sa sunanka, ko a haɗa biyu." Nan fa raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "Sadaka za ka ba ni? Bawa ya yi wa ubangidansa sadaka? Idan ka je wurin Alhaji, ni da kai har abada." Ya san halina, bai je ba. Har yau ban san ko na yi daidai ba. Abin da na sani shi ne a ranar, da dai a ba ni don tausayi, gara a bar bangon babu komai.

Da na koma gida mai ɗakina ba ta ce "na gaya maka" ba. Ta ajiye mini tuwo ta koma gefe. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Saura ƙarashen. Ranar Litinin shugaban makaranta ya kira ni ofis, ga gwangwanin fenti da buroshi a kan tebur. Ya ce, "Malam, kowa ya san duk makarantar nan babu mai kyan rubutunka. A taimaka a rubuta sunan." Na ɗauka. Na jingina tsani a bangon da na daɗe ina aunawa, na hau, ɗalibai suna ƙasa suna riƙe mini. Na rubuta sunan bawana harafi bayan harafi, har da na mahaifinsa, kuma wurin ya ɗauka cif, kamar yadda na auna wa nawa. Ban karkata ko harafi ɗaya ba, don ba zan yarda a ce rubutuna ya yi muni ba. Na ci gaba da koyarwa a ƙarƙashin sunan nan har na yi ritaya, makullin ɗakin yana aljihuna, kuma duk lokacin da ruwa ya wanke fentin ni ake kira in sabunta.

Kishin bai mutu ba, tsufa kawai ya yi tare da ni. Idan taubashina ya zo gida muna zama mu ci abinci a kwano ɗaya, in zage shi ya rama. An ce yanzu duniyoyin da aka gano sun yi yawa, ana ta ambaton su, ina taya shi murna da baki, zuciyar kuma tana ɗan yin abin da ta saba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, na ari ma'aunin da ba nawa ba don in kayar da mai shi, sai ya auna masa har da kayana. Kuma jama'ar da na tara ba su yi mini laifi ba, abin da na faɗa musu shi suka yi. Kalma uku ce ta gagare ni tun daga Bebeji har Doguwa: domin ni ne. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana, kunya tana da kyau a wurinta, amma idan abu naka ne kuma kana son sa, ka buɗe baki ka faɗa tun ana zaune. Idan ka yi shiru kana jiran a gane, za a gode maka da jera benci, sannan a miƙo maka buroshi.